Sikeli Lafiya Lau, Kwamfuta Sabuwa, Amma Lamba Ta Ɓace A Hanya

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan da ta fito a 2015 ta kuma mamaye ofisoshin duniya. In ban da ɗan ƙarin wa'adi da aka ware wa waɗanda suka yi rajista, daga wannan rana kamfanin ya daina aika mata gyare-gyaren tsaro. Ma'anar haka kuwa ita ce duk ofishin da ke son kare kwamfutarsa daga ɓarayin intanet, ko ba daɗe ko ba jima sai ya yi ƙaura zuwa Windows 11, ko kuma ya kama wata hanya daban kamar Linux.

Ga akawun da aikinsa buga wasiƙa ne da lissafin albashi, wannan ƙaura ba abin tashin hankali ba ce. Zai yi kwana biyu yana laluben inda aka mai da maɓallai, sa'an nan ya saba. Amma akwai wani rukuni na kwamfutoci waɗanda aikinsu sauraro ne. An ɗaure su da waya a jikin wata na'ura, na'urar tana faɗa, kwamfuta tana rubutawa. Irinsu ne ake ajiyewa kusa da sikelin manyan dillalan riɗi da zoɓo, da gefen injin ƙidayar jini a ɗakin gwaji na asibiti, da wajen akwatin da ke juya wutar hasken rana, da kuma cikin jakar masu safiyo. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, ƙasar noma ce da kasuwanci, kuma ta Kazaure ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, ya ratsa. Saboda haka duk waɗannan na'urori suna da aikin yi a yankin.

Idan aka sabunta irin wannan kwamfuta, matsala iri biyu kan iya biyo baya. Ta farko mai kuwwa ce: komai ya tsaya cik, allo ya ƙi nuna lamba, kowa ya san an sami cikas. Wannan mai sauƙi ce, domin ita ke kai kanta ƙara. Ta biyun ita ce abar tsoro. Aiki yana tafiya kamar kullum, lambobi suna shigowa, takarda tana fita, amma jefi-jefi harafi ɗaya ko biyu sun zube a hanya ba wanda ya sani. A ce injin asibiti ya auna jinin mace mai ciki ya sami 10.4, watau ƙasa da 11 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ɗauka a matsayin iyaka. In sifiri da ɗigon da ke bayansa suka ɓace a waya, abin da zai isa kwamfuta shi ne 14, kuma 14 jinin mai ƙoshin lafiya ne. Injin bai yi ƙarya ba, ma'aikaci bai yi sakaci ba, amma an sallami mace ba tare da maganin ƙarin jini ba. Haka nan a wajen sikeli, lamba ɗaya in ta faɗi, an tauye wa manomi mudu ko an cuci mai saye, alhali ba wanda ya yi niyyar cutar wani.

KAFAR JERIN-GWANO

Hanyar da waɗannan na'urori ke magana da kwamfuta ita ce wadda masu gyara ke kira siriyal. In za a raɗa mata sunan Hausa, sai a ce kafar jerin-gwano, domin kuwa saƙo ba ya shiga ta cikinta a dunƙule, sai ɗaya bayan ɗaya ta kan waya guda, kamar yadda gwano ke bin juna. Mai karatu zai gane ta a bayan tsofaffin kwamfutoci: wata 'yar kafa mai haƙora tara a layi biyu. Kada a rikita ta da ta allo, wadda ke da ramuka 15 a layi uku.

Tsohuwa ce tukuf. Ƙungiyar masu masana'antun lantarki ta Amurka ce ta tsara ƙa'idarta, mai suna RS-232, tun farkon shekarun 1960, lokacin da ake haɗa injunan tangaraho da layin tarho, aka kuma yi mata gyaran da ya fi shahara a 1969. Siffar nan mai haƙora tara ta yaɗu ne da kwamfutar IBM ta 1984. Ko ma'aunin saurinta, wanda ake kira bod, daga sunan wani Bafaranshe ne masanin tangaraho, Emil Bodo, wanda ya yi zamani a ƙarni na 19. Da USB ta fito a 1996 an ɗauka kwanan tsohuwar ya ƙare, amma masu ƙera sikeli da kayan asibiti da na safiyo ba su sake ta ba, don ba ta da tsada, ba ta da rikici, kuma na'urar da aka ƙera domin ta shekara ashirin tana aiki ba ta bin yayi.

Sai dai tana da wani hali da ya kamata a fahimta tun da wuri. Ita kafar ba ta da tabbacin isar saƙo. Mai aikawa yana zuba ne kawai, ko ana ji ko ba a ji. Tilas ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya tun farko a kan sauri, da tsawon kowane harafi, da alamar tsayawa. Mafi yawan na'urori suna tafiya a kan bod 9,600, kuma da yake kowane harafi yana cin gurbi goma a waya, haruffa 960 ke wucewa a sakan ɗaya. In ɗaya ya saɓa yarjejeniya, sai a ga tarkacen alamomi marasa ma'ana a allo. In kuwa mai karɓa ya yi jinkirin kwasa, sabon harafi ya danne tsoho, shi ke nan ya tafi.

Wasu na'urorin sun yi wa kansu rigakafi. Manyan injunan ɗakin gwaji da ke bin ƙa'idar ASTM suna liƙa wa kowane layi wata lambar tantancewa, kuma ba sa aika na gaba sai kwamfuta ta amsa cewa na baya ya iso daidai. Irin waɗannan in hanya ta lalace tsayawa suke yi su yi ƙorafi. Amma ƙananan injuna da sikeli masu yawa suna zuba lambobi ne tsurarsu, kamar yadda za su zuba wa injin buga takarda. A nan ne ɓarnar ɓoye ke samun wurin zama.

AN SAUYA TAFINTA

Abin tambaya shi ne, me ya haɗa sabunta manhaja da wayar da ba a taɓa ba? Amsar tana wurin wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Wannan direba ba na mota ba ne, tafinta ne tsakanin babbar manhaja da ƙarfen da aka soka mata. Duk ranar da aka sabunta Windows, sau da yawa sai ta sallami tsofaffin tafintoci ta ɗauko sababbi, ta kuma mai da duk saitin da mai kafa na'ura ya yi da hannunsa zuwa yadda ya fito daga kamfani.

Bugu da ƙari, Windows 11 ba ta hawa kowace kwamfuta. Tana buƙatar wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba sa cikin jerin waɗanda aka yarda da su. To waɗannan tsofaffin su ne masu kafar haƙora tara a jikinsu. Idan aka ajiye su aka sayo sabuwa, musamman ta hannu, sai a tarar ba kafar ko kaɗan. Maganin da kowa ke yi shi ne a aika Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure, a sayo 'yar wayar nan mai USB a kai ɗaya da haƙora tara a ɗaya kan. Ba waya ce kawai ba. A cikin kanta akwai ƙwayar lantarki da ke fassara, kuma kusan dukkan waɗanda ke kasuwa na kamfanoni ƙalilan ne: FTDI na birnin Gilasgo a Birtaniya, da Prolific na Taiwan, da WCH na ƙasar Sin mai ƙwayar CH340, da Silicon Labs na Amurka.

Tarihin biyun farko ya isa darasi. Saboda farin jinin ƙwayoyinsu, masu jabu sun cika kasuwannin duniya da kwaikwayonsu, har ta kai ko ɗan kasuwar da ke sayarwa bai san ko na gaske ne a hannunsa ba. A watan Oktoban 2014 kamfanin FTDI ya saki wani sabon direba ta hanyar sabuntawar Windows, wanda in ya gane ƙwayar jabu ce sai ya goge lambar shaidarta ya mai da ita sifiri huɗu, ta yadda ko an kai ta wata kwamfutar ba za a gane ta ba. Mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari na'urorinsu sun mutu, ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Surutu ya yi yawa, kamfanin ya janye direban cikin 'yan kwanaki. A farkon 2016 kuma aka sake ganin wani salon: direban ba ya kashe ƙwayar, amma sai ya riƙa cusa wata jimlar Turanci a cikin saƙon, mai cewa an gano na'urar jabu. Mai karatu ya auna abin da zai faru in wannan jimla ta faɗa cikin manhajar da ke jiran nauyin buhu.

Shi kuwa Prolific hanyarsa daban. Ya daina ƙera tsohuwar ƙwayarsa PL2303HXA a 2012, kuma direbobinsa na Windows 8 zuwa sama suka daina karɓarta, ta gaske da ta jabu baki ɗaya. Alamar ita ce wani ɗan rawayen gargaɗi da lambar kuskure 10. Da Windows 11 ta fito a watan Oktoban 2021, sai ƙanwarta PL2303TA ita ma ta bi sahu. Ke nan wayar da ta yi shekaru tana aiki lami lafiya tana iya mutuwa a daren da aka sabunta kwamfuta, ba tare da ko ƙwarzane a jikinta ba. Masu gyara da yawa kan nemo tsohon direba a intanet su ɗora. Dabarar tana ci na ɗan lokaci, amma Windows takan sake tumɓuke shi a sabuntawa ta gaba, kuma ɗauko direba daga shafin da ba a san mai shi ba, a ɗora a kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

ƘWARYAR DA KE CIKA

Waɗancan duk masu kuwwa ne. Ɓarnar ɓoye kuwa lissafin lokaci ce. A bayan kafar haƙora tara akwai wata ƙwaya da ke tarbar haruffa. Ta cikin kwamfutar IBM ta 1981 harafi ɗaya tak take iya riƙewa. Wadda ta gaje ta a 1987, mai lamba 16550A, tana riƙe 16, kuma har yau a kan tsarinta ake tafiya. Sai a ɗauke ta kamar ƙwarya a ƙarƙashin famfo. A saurin 9,600 ƙwaryar tana cika cikin kashi ɗaya bisa sittin na sakan. A saurin 115,200 kuwa, wanda kayan safiyo da wasu na zamani ke amfani da shi, ba ta kai kashi ɗaya da rabi cikin dubu na sakan ba ta tumbatsa. Ana iya umartar ta ta kira mai kwasa idan ta tara harafi 1, ko 4, ko 8, ko 14, kuma sau da yawa a kan 14 ake samunta, watau saura gurbi biyu kacal kafin ta zube. Sabuwar manhaja mai nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, ga mai farautar ƙwayar cuta yana bincike, ga sabuntawa tana sauka a ɓoye, ba wuya ta makara da wannan ɗan ƙiftawar ido. Rage lambar zuwa 8 ko 4 yakan kashe maganar.

Akwai kuma birki da aka tanada tun asali, wanda ake kira kula da kwarara. Ko dai a yi shi ta haƙori na 7 da na 8, inda mai karɓa ke ɗaga wa mai aikawa hannu, ko kuma ta wasu haruffa biyu na musamman masu nufin dakata da ci gaba. Idan na'ura tana jiran birki, sabuwar manhaja kuma ta dawo da saitin zuwa babu, gajeren saƙo zai riƙa wucewa lafiya, dogo kuma ya riƙa isowa da gutsure. Wannan alama ce mai kyau ga mai bincike: in sakamakon mutum ɗaya yana shiga daidai, amma kwashe na yini guda yana yankewa a tsakiya, to a duba birki kafin komai.

Wayar USB kuwa nata halin daban. Ba ta miƙa haruffa ɗaya-ɗaya, tara su take yi ta miƙa a ƙunshe. Ƙwayar FTDI takan jira har kashi 16 cikin dubu na sakan kafin ta miƙa abin da ta tara, sai in an rage mata da hannu. Ga sikeli wannan ba komai ba ne. Amma akwatunan wutar rana da mitocin lantarki da yawa suna magana ne da harshen Modbus, wanda aka ƙirƙira a 1979, kuma a cikinsa shiru ne ke raba saƙo da saƙo, shirun da bai wuce tsawon haruffa uku da rabi ba, kimanin kashi 4 cikin dubu na sakan a saurin 9,600. In wayar ta riƙe rabin saƙo ta saki daga baya, manhaja sai ta ɗauka saƙo biyu ne guntaye, ta zubar da duka. Mai kafa na'urar ƙila ya rage jiran zuwa 1 ko 2 shekaru biyar da suka wuce bai gaya wa kowa ba, sabon direba ya mai da shi 16. Daɗin daɗawa, tun daga sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020 an canja yadda manhajoji ke cin moriyar agogon cikin kwamfuta, wanda bisa al'ada ke bugawa sau 64 a sakan. A da, in manhaja ɗaya ta nemi a hanzarta shi, kowa ya amfana. Yanzu mai nema kaɗai ake ba. Tsohuwar manhajar da ke shan inuwar wata ba ta sani ba, sai ta wayi gari tana gyangyaɗi.

Sauran cikas ɗin ƙanana ne, amma suna cin yini. Windows takan kashe kafar USB don tsimin wuta idan ta ga kamar ba a amfani da ita, sai haruffan farko su wuce kafin ta farka. Takan kuma canja lambar kafa: wadda take COM1 jiya ta koma COM11 yau, alhali tsofaffin manhajoji da yawa ba sa gani sama da ta 4, wasu kuma sama da ta 9. Wani abin ban dariya da masu na'urar GPS suka daɗe da sani shi ne, in na'ura tana zuba lambobi a lokacin da kwamfuta ke tashi, Windows takan zaci tsohon linzamin kwamfuta ne aka soka mata, sai a ga kibiya tana tsalle-tsalle a allo ita kaɗai kamar mai iskoki. Masu komawa Linux ma ba su tsira ba. A Ubuntu 22.04, wadda ta fito a watan Afrilun 2022, wata manhajar taimakon makafi mai suna brltty takan ƙwace duk wayar da ke da ƙwayar CH340, tana zaton allon rubutun makafi ne. Ga mazauna bakin iyaka kuma akwai wani tarko: kwamfutar gwanjo da aka saita da tsarin Faransanci waƙafi take sa wa a inda tsarin Ingilishi ke sa ɗigo, saboda haka 98.5 na iya zame mata abin da ba ta gane ba.

KADA A BAR JAKI A DAKI TAIKI

Babbar asarar da ake yi a irin wannan hali ita ce a yanke wa na'ura hukunci ba a saurare ta ba. A ce injin ya tsufa, a rubuta takardar neman sabo na miliyoyin naira, ko a jinginar da shi a lungu ƙura ta rufe, alhali laifin na wayar 'yan dubbai ne ko na wani saiti da ba ya cin ko kwabo. Bincike mai tsari ba ya buƙatar injiniya daga Legas.

Matakin farko shi ne a raba gardama. Kusan kowane sikeli da injin gwaji yana da ɗan allonsa ko 'yar takardarsa. In abin da ke jikin na'ura daidai ne, na kwamfuta ne ya saɓa, to an wanke na'ura. Daga nan sai a ajiye manhajar aikin gefe, a buɗe wata 'yar manhaja da ke nuna ɗanyen abin da ke shigowa ta kafar. A da Windows tana zuwa da HyperTerminal, amma an cire ta tun zamanin Vista, yanzu sai a nemi PuTTY ko Tera Term ko RealTerm, dukkansu kyauta. In lambobi suna shigowa cikakku a nan, laifin na tsohuwar manhajar aikin ne, wadda ƙila an rubuta ta tun zamanin Windows XP. Waɗanda suka girme ta ma, na zamanin DOS, ba sa tashi a Windows 11 ko kusa.

In kuwa a nan ma da gutsure, sai a gwada kafar ita kaɗai. A cire na'ura, a haɗa haƙori na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, watau kunnen ji da bakin faɗa. Duk abin da aka buga zai dawo allo. Kuskuren da ake yi shi ne a buga haruffa biyar a ga sun dawo a ce lafiya. Biyar ba sa cika ƙwarya. Sai an tura dogon rubutu mai dubban layuka masu lamba a jere, a saurin da ake aiki da shi, sa'an nan a duba ko akwai layin da ya yi tsalle. Bayan haka ne za a shiga shafin da Windows ke kira Device Manager, a duba sunan ƙwayar da ranar direbanta, a daidaita sauri da birki da abin da littafin na'ura ya faɗa, a rage ma'ajiya da lokacin jira, a hana kashe USB don tsimin wuta. Sharaɗi ɗaya ne: abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya murɗa abu biyar tare, ko ya dace bai san wanne ya yi magani ba, kuma gobe in ta dawo sai ya koma farko.

Ya kamata kuma a tuna cewa Windows tana ba da kwana 10 kacal bayan sabuntawa da za a iya komawa tsohuwar ba tare da an goge komai ba. Ofishin da ya yi sati uku yana jiran a sa hannu a takardar kiran mai gyara ya riga ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Ba kowane laifi ne na manhaja ba, ko da ya zo rana ɗaya da ita. Ranar da aka sabunta kwamfuta ita ce ranar da aka ja tebur, aka zare wayoyi, aka mayar. Wayar siriyal iri biyu ce, miƙaƙƙiya da mai gicciye, kuma a ido ba su da bambanci. Ƙa'idar ba ta son waya ta wuce kimanin mita 15, sa'an nan ba ta son a kwantar da ita kusa da ta janareta ko ta injin famfo. A yankin da ake yawo tsakanin wutar KEDCO da janareta da hasken rana a yini ɗaya, sau da yawa sikeli yana kan wata wutar, kwamfuta tana kan wata, kuma ginin ba shi da wayar ƙasa ta kirki. Bambancin da ke tsakaninsu sai ya bi ta haƙori na 5, ya gurɓata saƙo, wani lokaci ya ƙone kafar. In ɓacewar lamba tana zuwa ne daidai lokacin da aka tada janareta, ba ruwan Microsoft. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon a cikin ramukan kafa. Inda nisa ya yi yawa, kamar daga sikelin mota zuwa ofis, akwai 'yar'uwarta RS-485 da ke kai saƙo har mita 1,200, akwai kuma na'urorin fassara masu raba wutar ɓangarorin biyu.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMOMI

Ba dole ba ne a sabunta kowace kwamfuta. Wadda aikinta kawai sauraron sikeli ko injin gwaji ne tana iya zama a kan tsohuwar manhajarta shekara da shekaru, muddin an yanke ta daga intanet, an kuma hana kowa soka mata filashi ko cajin wayar hannu. Haɗarin yana ga wadda ake aiki da ita da safe, da yamma kuma a shiga Facebook. In kuwa sauyi ya zama tilas, kwamfutar tebur da aka sa wa katin siriyal a cikinta ta fi ta hannu mai wayar USB kwanciyar hankali.

Wani gyaran kuma a takardar kwangila yake. An saba ɗan kwangila ya kawo na'ura, ya kafa, a yi bikin buɗewa, ya tafi da littafinta da faifan direbanta da lambar sirrin saitinta a aljihu. Shekara uku bayan haka ba wanda ya san a kan wane sauri aka ɗora ta. Ƙananan hukumomi da hukumomin asibitoci suna da ikon ƙin biyan kashin ƙarshe sai an miƙa waɗannan a rubuce. Haka nan jami'an awo da ma'auni na Gwamnatin Tarayya, hatiminsu yana shaida gaskiyar sikeli ne, amma kuɗin manomi a kan takardar da kwamfuta ta buga ake biyansa, saboda haka ya dace ido ya kai ga takardar ita ma.

Ta fuskar ma'aikata kuwa, yankin ba shi da uzuri. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma makarantar koyon kwamfuta da aka fi sani da Informatics, wadda Gwamnatin Saminu Turaki ta kafa a farkon shekarun 2000. A Babura an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Ɗalibin da aka ba wayar USB guda uku masu ƙwaya daban-daban, da guntun waya, da mako ɗaya a ɗakin gwaji, zai iya duk abin da aka zayyana a sama, kuma daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa tafiyar safe ce a kan babur.

Kafin a taɓa kowace kwamfuta mai sauraro, sai a ɗauki hoton kowane shafi na saitinta, a rubuta lambar kafa da sauri da birki da sunan direba a takarda, a manna a bayanta. Bayan an sabunta, a yi mako guda ana rubuta abin da allon na'ura ya nuna a littafin hannu mai kabon, a riƙa gwama shi da abin da kwamfuta ta buga kowace yamma. A wajen sikeli kuma a ajiye dutsen awo da aka san nauyinsa, a ɗora shi sau hamsin a jere, a ƙirga ko layi hamsin ne suka fito, kuma ko dukkansu lamba ɗaya suke ɗauke da ita.